Zumar Nahuce da Bakin Alaramma

Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki, yawancinsu da tunani ɗaya suke isowa: aikin haƙori cirewa ne. A yi allura, a kama, a girgiza, a fizge, a cusa auduga, a kira na gaba. Wani tun a makonsa na farko yake tambayata yaushe za a ba shi awartaki. Dominsu na rubuta wannan. Ban tsufa a aikin ba, kuma ni ba likita ba ne, ko da yake haka mutanen gari suke kirana duk da gyaran da nake yi musu. Ma'aikacin lafiyar baki ne ni. Saboda haka abin da na gani da idona shi zan faɗa, inda kuma ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Na fara aiki a Gusau jim kaɗan bayan an ba mu jiha, a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa wanda ya ware ɗaki guda don haƙori. Likitan haƙori jefi-jefi yake zuwa daga Sakkwato. Sauran kwanaki ni ne da Malam Garba, wanda ya yi aikin a asibitin gwamnati har ya yi ritaya. Na zo da takardar shaidata, ya karanta ta har ƙasa, ya yi mini murna, sannan ya nuna mini tukunyar tafasa kaya. Watannin farko aikina ke nan: in wanke, in goge, in tafasa, in jera a kan tire bisa tsarin da za a ɗauke su. A nan na san kayan da hannuna, ba a hoton littafi ba. Akwai ɗan madubi mai doguwar mariƙa, da ƙugiya mai tsini ta laluben rami, da abin kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori. Awartakai kuwa kowanne da haƙorinsa, na sama daban, na ƙasa daban, na turame daban. Kujerarmu da ƙafa ake ɗaga ta, kuma tana sauka a hankali da kanta in mutum ya cika nauyi. Fitilar da ke samanta sai ranar da aka kawo wuta, don haka tocila ce babbar abokiyar aikinmu.

Ƙa'idar Malam Garba ita ce, haƙorin da aka zo dominsa shi ake duba a ƙarshe. A fara da leɓe, a juya shi ciki da waje, a dubi kumatu, a dubi harshe sama da ƙasa, a dubi ganɗa da dasashi. Yakan ce haƙorin yana nan, ba inda za shi.

Wani manomi daga Ruwan Bore shi ne ya fara nuna mini amfanin wannan ƙa'ida. Ya zo da haƙori mai girgiɗi, yana so a cire ya koma gona. Na sa madubi a cikin kuncinsa, da na zo zare shi sai ya manne, kamar an shafa masa ƙaro. Malam Garba ya ce in sake. Na sake, ya sake mannewa. Bakin babu yawu. Ya tambaye shi ƙishirwa, ya tambaye shi fitsari, mutumin ya ce randar gidansa ba ta kwana da ruwa saboda shi. Ba mu cire haƙorin ba ranar, muka tura shi awon jini. Ya fita yana faɗa, yana cewa ya bar shuka ya zo an yi masa tambayar fitsari. Awo ya nuna ciwon sukari. Da mun cire, da ramin ya daɗe bai rufe ba, wataƙila ma ya ruɓe.

Bayanin abin a taƙaice shi ne: idan sukari ya yi yawa a jini, jiki yakan zubar da ruwa, baki ya bushe. Ɗan yawun da ya rage kuma yana ɗauke da zaƙi, sai ƙwayoyin cuta su sami abinci, musamman masu sa farin nan kamar kindirmo a harshe. Ga shi miki ba ya saurin warkewa. Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauka duk mai gyambon baki yana da ciwon sukari. Ba haka ba ne, dalilai suna da yawa. Amma gyambon da ya ƙi jin magani, ko ya tafi ya dawo, dole a tambayi jini.

Shekarar da man fetur ya yi wuya ita ce mafi tsanani a aikina. In ban yi kuskure ba, shekara biyu ke nan da ba mu jiha. Layin motoci a gidan mai ba a hango ƙarshensa. Kananzir ya ɓace, muka ajiye risho muka koma tafasa kaya a kan gawayi. Likitanmu ya daina zuwa. Masu kawo mana kaya daga Kano suka ɗauke ƙafa, allurar kashe zafi ta zama sai wanda ya fi kowa matsuwa. Mutanen ƙauye ba sa zuwa sai kunci ya kumbura ya rufe ido. Ruwan awon fitsari ma ya ƙare. Wannan wani shuɗin ruwa ne da ake ɗiga fitsari a ciki a dafa. In babu sukari yana nan shuɗi. In akwai kaɗan ya koma kore, in ya ƙaru ya yi rawaya, in ya yi yawa ƙwarai ya zama ja kamar jan bulo.

A wannan shekarar, cikin watan Rajab, aka kawo mana Alaramma Sa'idu daga Tsafe. Shi ne mai jan baki a tafsirin azumi na masallacin unguwarsu, wato shi yake karanta ayoyi, malam ya fassara. Wanda ya kawo shi Mamman ne, direban bas tsakanin Tsafe da Gusau, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa. Alaramma ya shigo ya rufe bakinsa da jelar rawani.

"Likita, ga amarya na kawo maka," in ji Mamman. "Tun daga Tsafe ta ƙi buɗe fuska."

"Rabu da shi, Malam," in ji Alaramma ta cikin rawani, a hankali. "Tun muna yara ba shi da sana'a sai surutu."

"To ai ni nawa bakin shina aiki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a zauna, a sauke rawanin."

Gefen bakinsa biyu sun tsage, sun yi ja, sun yi ɓawo. Da ya buɗe don in duba, na hagu ya sake tsagewa, jini ya fito. Leɓensa na ƙasa ya bushe ya daddare. Harshe da ganɗa fari fat, in an goga auduga farin ya tashi ya bar wuri ja. Dasashi ya kumbura. Haƙoransa kuwa lafiya lau, don mutum ne mai riƙon asawaki.

Mamman ne ya yi bayanin abin da ya kawo su da gaggawa. Alaramma ya kasa karatu. Duk harafin da sai an haɗa leɓe kafin ya fita, kamar an soka masa ƙaya ne, in kuma ya buɗe baki don ja, gefen ya tsage. Malamin tafsirin ya zo gaishe shi, ya faɗa masa cikin mutunci cewa in wata ya kama bai samu sauƙi ba, za a sa wani ya riƙe masa wurin.

"Riƙo!" in ji Mamman. "Likita, wanga wuri ba a riƙon shi. In sabuwar murya ta shiga kunnen mutane azumi guda, shi ke nan. Tun ina yaron mota shike zaune wurin nan."

Na tambayi Alaramma ko yana da wani ciwo. Bai ɓoye ba. Ya ce an gano masa ciwon suga shekarun baya, yana shan ƙwayarsa kullum, kuma tun ranar da aka faɗa masa bai ƙara sa sukari a bakinsa ba. Shi a ganinsa sanyi ne ya fasa masa leɓe. Ba mu da abin awo ranar. Na wanke masa bakin, na ba shi maganin ɗigawa na kashe farin, da man shafawa a gefen leɓe, na ce ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Na kuma ce lallai su je babban asibiti a auna jininsa. Ba su samu zuwa ba. Awon da safe ake yi kafin a ci komai, motar Mamman kuma ta shiga layin mai ta kwana biyu a can.

Da suka dawo, Sha'aban ya riga ya kama. Farin ya ɗan ja baya a kwanakin farko, in ji su, sannan ya dawo ya fi da. Gefen bakin ya ƙara zurfi. Alaramma ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa. Mamman bai yi maganar amarya ba wannan karon. Amma a tsakanin nan Malam Garba ya samo kwalba ɗaya ta shuɗin ruwan daga wani tsohon abokin aikinsa a Funtuwa. Muka karɓi fitsarin, na ɗiga a siririyar kwalbar gwaji, na tsoma ta cikin tukunyar da ke tafasa a kan gawayi. Ban ga kore ba, ban ga rawaya ba. Kai tsaye ya zarce ja.

Na sake tambayarsa ƙwaya. Ya ciro ta daga aljihu, na duba, ba ta lalace ba, kuma bisa abin da ya rage yana sha. Na tambaye shi sukari, ya ce wallahi ko na shayin baƙi ba ya taɓawa. Lemon kwalba? A'a. Rake? Ya nuna bakinsa, ya ce da wanne? Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, kwalbar gwaji ma ba ta ƙarya. Sai na bar tambayar abin da ba ya ci, na ce ya faɗa mini abin da ke shiga bakinsa tun daga asuba.

Ya ce tun da bakin ya yi tsanani ya bar tuwo, don miya tana yi masa raɗaɗi. Koko yake sha da safe, fura da rana, shayi da yamma.

Na ce, "Kokon haka nan ake sha, gaya?"

"Gaya?" in ji Mamman, har da miƙewa. "Ina raye? Likita, ni na raba shi da suga. Tun ranar da aka ce ya bari, na ce ɗan gwaggona ba zai sha abu lami ba. Zuma nike kawo mashi. Kuma ba ta kasuwa ba, wadda ake dafa suga a zuba. Nahuce nike zuwa da kaina, can ƙasar Bunguɗu, wurin mai amya, a gabana ake tace ta. Ko a wanga hali na mai, galan guda na kawo mashi."

Malam Garba ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo kujera ya zauna.

Da muka bi a hankali, sai lissafin ya fito. Zuma a koko, zuma a fura, zuma a shayi. Bayan wannan, al'adarsu ce ta masu karatu, in azumi ya gabato sukan sha zuma a ruwan ɗumi da asuba don gyaran murya, haka ya ga malaminsa yana yi, kuma bana da ya ji muryar tana shaƙewa sai ya ninka. Sannan duk wanda ya zo gaishe shi ya ga bakin, maganin da yake faɗa ɗaya ne: a shafa zuma. Yana da 'yar kwalba a aljihu, motsi kaɗan ya lakata ya shafa, ya lashe. Bakin yana ƙara lalacewa, zumar tana ƙaruwa.

A makaranta an koya mini yadda ciwon yake. Ba a koya mini yadda ake gaya wa mahaddaci cewa zuma tana cutar da shi ba. Na san darajarta a wurinsa, ni ma haka na tashi na gani a gidanmu. Na roƙe shi 'yar kwalbar, na ɗiga ɗigo ɗaya a ruwa mai tsabta, na zuba kaɗan a sabon shuɗin ruwa, na tsoma a tukunya. Muka tsaya mu huɗu muna kallo. Ya juya, ya zama ja. Na ɗauko ta farko, ta fitsarin, na riƙe su biyun a gaban taga. Ba mai iya bambanta su.

Dole in faɗi iyakar wannan gwaji, don kada ɗalibi ya ɗauke shi fiye da matsayinsa. Bai nuna cewa zumar ce take fita a fitsari kai tsaye ba. Abin da ya nuna shi ne, irin sukarin da ke fita a fitsarin mai ciwon, akwai shi da yawa a cikin zuma, ko da ta amya ce. Haka na faɗa musu.

Alaramma ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya ce, "Malam Nasiru, kana nufin zuma ba magani ba ce?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban isa in faɗi haka ba. Abin da na sani shi ne, jikinka a yanzu ba ya iya sarrafa zaƙin da ke cikinta. Yana taruwa a jini, shi ke busar da bakin, shi ke hana mikin rufewa."

"To muryata fa? Ban taɓa zama jan baki ba tare da ita ba. Ko sau ɗaya."

Malam Garba ya ce, "Alaramma, muryarka tana nan, mun ji ta yanzu. Leɓen da za ta bi ta fito shi ne babu. Shi muke nema maka."

Mamman ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Can ya ce, ba da kowa ba, "Ni da hannuna. Har layin mai na kwana don in je Nahuce."

Alaramma ya juyo ya dube shi. "Ai na daɗe da sanin kai za ka kashe ni, Mamman. Abin da ban sani ba, ashe da daɗi za ka yi."

Mamman ya fashe da dariya, yana share ido da hular. Alaramma ma ya so ya yi, leɓen ya hana shi, ya dafe wurin da auduga. Ya miƙo mini hannu na mayar masa da 'yar kwalbar zumarsa, ya dube ta, ya miƙa wa Mamman ya ce ya kai wa yara.

Ba su koma Tsafe ba ranar. Suka kwana a gari wurin dangi, da safe Mamman ya kai shi babban asibiti. Likitan can ya auna jini, ya gyara masa ma'aunin ƙwaya, ya tsara masa abinci, ya ce ya koma tuwo kaɗan da miyar ganye mai yawa, marar yaji, ko da zai ci a hankali. Batun ko zai yi azumi a wannan shekarar, tsakaninsa ne da likitan da malamansa. Ba fannina ba ne, ban kuma tambaya ba.

Abin da nake so ɗalibai su lura da shi shi ne, ni ban canza komai ba. Maganin ɗigawar da na ba shi da farko, shi na sake ba shi. Man shafawa shi ne dai, ruwan gishiri shi ne dai. Abin da ya ƙi aiki a Rajab shi ya yi aiki a Sha'aban. Duk ranar da Mamman ya sami mai yakan biyo da shi, in dafa fitsarin. Ja ya koma rawaya, rawaya ta koma kore. Yawu ne ya fara dawowa. Sannan farin ya washe daga harshe, dasashi ya saɓe. Gefen bakin shi ya fi jinkiri, musamman na hagu, har na fara shakkar ko zai rufe kafin wata ya tsaya. Ba zan iya raba muku ba, nawa ne na barin zuma, nawa ne na gyaran ƙwaya, nawa ne na komawa abinci. Tare aka yi su, tare suka yi aiki.

Zuwansa na ƙarshe kafin azumi, fatar ta haɗe amma sabuwa ce, siririya. Na ce masa ban yi alkawari ba, tana iya tsagewa in ya ja da ƙarfi. Ya ce zai gwada a gida tsakaninsa da bango.

Aka kama azumi ban ji labari ba. Sai wata rana bayan azahar na ji hon a ƙofar asibiti, na leƙa, Mamman ne, motar cike da fasinja.

"Likita, shigo gaba! Ba tambaya."

"Lafiya?"

"Na ce ba tambaya. Malam Garba, ara mani shi zuwa magariba."

Muka isa Tsafe ana idar da la'asar. Masallacin ya cika, muka sami wuri a waje kan tabarma, gefen masu sayar da ƙanƙara da dabino. Lasifika ta yi ƙara, aka yi gyaran murya, aka fara. Muryar Alaramma ce. Mamman ya zungure ni da gwiwar hannu har sau biyu. Mutane suna sauraron ma'ana, ni kuwa haruffan leɓe nake bi, ina jiran inda zai sassauta ko ya yanke. Ya zo wata doguwar aya mai ja, ya buɗe murya ya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya. Wani tsoho kusa da mu ya ce, "Masha Allah, bana ma ta fi ta bara fita."

"Ruwan ɗumi ne zalla, Baba," in ji Mamman. "Ni nike dafa mashi."

Da aka tashi, Alaramma ya fito cikin jama'a ana ta miƙa masa hannu. Ya hango ni, ya ratso ya zo. Kafin in gama gaishe shi ya duƙo, ya buɗe baki iyakar buɗewa, a nan ƙofar masallaci, ya sa yatsa ya ja leɓensa ƙasa. Na juya shi ya fuskanci rana, na duba yadda aka koya mini. Harshe ja ne mai laima. A gefen hagu akwai ɗan tabo, busasshe. A dama babu komai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a rufe haka nan. Mutane suna kallo."